DARASI: TATTALIN CEFANE DA TANADIN ABINCI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa matasa, ku sani ciyar da iyali wajibi ne, tattali kuwa umarnin Allah ne. A Suratul Furƙan, aya ta 67, Allah Ya yabi bayinSa da ke bin tsaka-tsaki, ba ɓarna, ba ƙwauro.

To, mu mutanen Ungogo ina uzurinmu? Ga kasuwar hatsi ta Dawanau a kusa da mu, kan hanyar Katsina. Da kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, gero da dawa da wake sukan yi sauƙi. Amma sai ka ga saurayi ya sayar da amfanin gonarsa duka don bidi'o'in biki, damina na tsakiya ya koma awo kwano-kwano da tsada, har da cin bashi. Wannan ba wauta ba ce?

Ga abin yi:

1. Sayi hatsi da kaka. Buhari ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) yakan tanadar wa iyalinsa abincin shekara.

2. Ku haɗa kuɗi ku huɗu, ku sayo katan na sabulu ko buhun sukari a kasuwar Singa bisa farashin sari, ku raba.

3. Yi tayi, nemi ragi, amma ban da ƙarya.

4. Kada rangwame ya ruɗe ka. Arhar abin da ba ka bukata asara ce.

Hattara! Tanadin gida daban, ɓoye abinci lokacin ƙunci don ya yi tsada daban. Hadisin Muslim ya nuna mai yin haka mai saɓo ne.

Allah Ya sa mu dace, amin.