Direba Da Ma'aunin Zafi

Injin babbar mota yana ƙona man gas domin ya sami ƙarfin tafiya. Ƙunar nan kuwa tana kawo zafi ƙwarai. Saboda haka aka yi wa inji hanyoyin ruwa a cikinsa. Famfo ya kan tura ruwa ya zaga, ya kwashe zafi, ya bi tiyo zuwa lagireto. A can iska da fanka su huce shi, sa'an nan ya komo. In inji yana lafiya, zafin ruwansa ya kan tsaya wajen digiri 80 zuwa 95. A gaban direba akwai ma'auni mai allura wanda ke nuna masa haka.

Wata rana wani direba ya ɗauko tumatir daga Kano za shi Legas, tare da yaron motarsa. Har suka iso Zariya allurar ba ta motsa ba, tana kwance wajen sanyi. Direba ya ratse gefen hanya, ya kashe mota.

Yaro ya ce, "Maigida, ai mota lafiya take tafiya. In muka tsaya tumatir zai lalace."

Direba ya ce, "Yaro, allurar nan ita ce idona. In inji ya yi zafi ban sani ba, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Ran nan sai mu kwana uku a hanya, ba mota, ba tumatir."

Suka zauna har inji ya huce. Yaro ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto. Direba ya ce, "Taɓa tiyo tukuna. In da zafi, kada ka kuskura ka buɗe. Ruwa ya kan tafasa a digiri 100, amma murfin nan yana danne shi har ya wuce haka. Wanda ya buɗe da zafi, tafasasshen ruwa zai feso masa a fuska."

Da suka ga ruwa cike yake, sai direba ya ce, "To, bi babban tiyo na sama, daga lagireto har inda ya shiga inji." Yaro ya bi shi da hannu. Nan ya tarar da wani ɗan gida na ƙarfe. Direba ya ce a cikinsa akwai wata ƙofa wadda ke buɗewa da kanta in ruwa ya yi zafi. Kusa da gidan nan kuwa ga wani ɗan abu na tagulla, bai fi babban yatsa ba, an ɗaura shi kamar noti.

Direba ya ce, "Shi ne mai jin zafi. Bakinsa yana tsome cikin ruwa. Gwargwadon zafin ruwa, gwargwadon wutar da ke ratsa shi zuwa ma'auni. A motocin zamani har kwamfutar inji yake gaya wa. Akwai wani mai kama da shi a ƙasa, wajen matatar baƙin mai, amma shi ƙarfin mai yake ji. Kada ka haɗa su."

Yaro ya duba da kyau, sai ya ga wayar ta zame, tana lilo. Ya kankare tsatsar bakinta, ya mayar, ya matse. Suka ta da mota. Jim kaɗan allura ta tashi, ta tsaya a tsakiya. Suka kama hanya, suka sauke tumatir da kyansa. Lalle rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin lagireto?
2. Don me direba ya tsaya a Zariya?
3. Wane tiyo yaro ya bi, ina kuma ya kai shi?
4. Don me ba a buɗe murfin lagireto da zafi?