Sifiri Mai Fuska Biyu

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in yi mana bayanin yadda kwamfuta take ajiye alamar lamba mai ɗigo, kamar 2.5 ko -0.75, domin duk mai rubuta mata umarni sai ya yi karo da wannan batu.

A shekarar 1985 aka fito da ƙa'idar IEEE 754 a Amurka, kuma Farfesa William Kahan shi ne babban jagoran aikin. Bisa wannan ƙa'ida lamba takan ci gurbi 32 ko 64, kowane gurbi kuwa 0 ne ko 1. A mai 32, gurbi 23 suna riƙe da ƙwayoyin lambar, 8 suna nuna inda ɗigo zai zauna. Na farkon aikinsa alama kaɗai: 0 tarawa, 1 ɗebewa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tun da alama tana da gurbinta daban, sifiri ma iri biyu ne, wato +0 da -0. In ka tambayi kwamfuta ko daidai suke, za ta ce i. Amma bisa ƙa'idar, in an raba 1 da +0 amsar ita ce rashin iyaka ta sama, in da -0 ne kuwa rashin iyaka ta ƙasa. Kun ga tazarar ba kaɗan ba ce.

Wani zai ce mene ne amfanin -0? Mu ɗauka ma'aunin ɗakin sanyi ya nuna -0.3, aka mai da shi cikakkiyar lamba mafi kusa. Za a sami -0, alamar nan kuwa ita ce shaidar cewa sanyin ya wuce inda ruwa ke daskarewa.

Saboda haka nake ba mu shawara uku. In kana son sanin alama, kada ka dogara da tambayar ko lamba ta gaza sifiri, domin -0 zai zame maka. Yi amfani da signbit, wanda ya shiga ƙa'idar harshen C a 1999. In za ka ɗora alamar wata lamba a kan wata, ga copysign, akwai shi a C da Python. In kuwa cire alamar za ka yi, sai fabs.

Gurbi ɗaya ne tak, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.