Darasi: Fadamar Bakin Teku Garkuwa Ce Ga Gona

Jama'a, a wannan wata darasinmu zai kai mu bakin teku. A can akwai wata irin fadama mai ruwan gishiri. Sau biyu a kowace rana ruwan teku yakan cika ya rufe ta, sa'an nan ya janye. A ƙasashe masu sanyi ciyayi ne ke fitowa a cikinta. A ƙasashe masu zafi kuwa, kamar Nijeriya da Senegal, wasu itatuwa ne da ake kira mangurob. Saiwoyinsu suna fitowa sama da laka, sun sarƙe da juna.

Amfanin wannan fadama uku ne. Na farko, tana rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gari. Na biyu, saiwoyin suna riƙe laka don kada teku ta cinye ƙasa. Na uku, a cikinta ƙananan kifaye da jatan lande suke fakewa har su girma.

Ku dubi abin da ya faru a yankin Kasamans, kudancin Senegal. Mutanen wurin manoman shinkafa ne. Farin da ya same mu a shekarun 1970 da 1980 su ma ya same su. Ruwan sama ya yi ƙaranci, gishiri ya yi yawa a kogi, itatuwa da yawa suka mutu. Wasu kuma aka sare su don girki da gini. Da garkuwa ta tafi, sai ruwan gishiri ya shiga gonaki. Shinkafa ta ƙi yi, kifi ya ragu.

A shekarar 2006 mutanen ƙauyen Tobor suka fara dashe tare da wata ƙungiya mai suna Oceanium. Aikin ba wuya. 'Ya'yan itacen dogaye ne kamar alƙalami. Idan ruwa ya janye, sai a jera a riƙa soka su cikin laka. Maza da mata da yara duk suka fito. Ɗaruruwan ƙauyuka suka yi koyi da su, aka dasa miliyoyin itatuwa.

Wannan aiki ya zama dole, domin duniya tana ƙara zafi, ƙanƙara tana narkewa, ruwan teku yana ƙara hawa. A jihar Ondo, teku ta riga ta cinye babban ɓangare na garin Ayetoro.

Mu nan ba mu da teku, amma muna da iska da kwararowar hamada da zaizayar ƙasa. Yadda mangurob yake tare ruwa, haka gawo da darbejiya suke tare iska. Kada mu sare itacen bakin rafi. Wanda ya sare ɗaya, ya dasa biyu.

Tambayoyi
1. Faɗi amfani uku na fadamar bakin teku.
2. Me ya hana shinkafa yi a Kasamans?
3. Waɗanne itatuwa ne suke kare gonaki a garinku?