Darasi: Jariri Yana Koyo Tun Kafin Ya Iya Magana

Karatu: Markus 10:13-16

'Yan'uwa cikin Almasihu, a ƙauyukanmu na Rano da Kibiya sau da yawa mukan ji ana cewa, "Ai jariri ne, bai san komai ba." In ya sha nono, an yi masa wanka, an goya shi, sai mu ga kamar mun gama. Amma akwai wani abinci da ƙwaƙwalwarsa take bukata kullum, wato hira da wasa.

Abin da ke faruwa cikin kan jariri

Ranar haihuwa, ƙwaƙwalwar jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ce ta girman ta babban mutum. Kafin ya cika shekara 3 ta kai kusan kashi 80 cikin 100. A wannan lokaci ƙananan jijiyoyinta suna ta haɗuwa da juna, kamar hanyoyin ƙafa daga gida zuwa gona. Hanyar da ake bi kullum takan buɗe, wadda aka bari kuwa ciyawa takan cinye ta. Duk lokacin da jariri ya yi gwaranci muka amsa masa, ko ya yi murmushi muka mayar, mun bi wannan hanya ke nan.

An gwada an gani

A 1986, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, masu bincike sun fara aiki da yara 129 'yan wata 9 zuwa 24, waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Ma'aikatan lafiya sun riƙa zuwa gidajen wasu cikinsu sau ɗaya a mako har shekara 2, suna koya wa iyaye mata yin wasa da hira da yaran, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka sake neman yaran. Waɗanda aka yi wasa da su suna samun kuɗi fiye da waɗanda ba a yi da su ba da kusan kashi 25 cikin 100. Iyayen nan talakawa ne kamarmu.

Abin da ke hana mu

Na farko aiki ne. Da damina uwa tana gona tun safe, jariri yana baya, ba ya ganin fuskar kowa. Na biyu kunya ce. Amarya takan ji nauyin yi wa ɗan farinta wasa a gaban surukai, maigida kuma yana ganin reno aikin mata ne. Kunya tarbiyya ce mai kyau, amma kada yaro ya biya kuɗinta. A karatunmu, almajirai sun ɗauka Yesu ya fi ƙarfin zama da ƙananan yara. Shi kuwa ya ji haushi, ya rungume su, ya sa musu albarka. In Ubangiji bai ji nauyi ba, mu fa?

Abin da za mu iya yi

1. Lokacin shan nono, uwa ta dubi idon jariri ta yi masa magana. Sabon haihuwa yana ganin fuska daidai wannan nisa.
2. A lokacin hutu a gona, a kwance goyo, a shimfiɗa masa zane a inuwa ya motsa jikinsa.
3. A riƙa faɗa masa sunayen abubuwa: akuya, ludayi, ruwa, Baba.
4. A rera masa waƙoƙin sujada, a tafa hannu tare da shi.
5. A ba shi ƙwarya mai tsabta da cokali ya buga. A kawar da gyaɗa, tsakuwa da duk abin da zai iya haɗiyewa.
6. Uba ya ɗauke shi da yamma. Kaka da goggo su ƙarfafa amarya, kada su yi mata dariya.

Wasa ba ya maye gurbin nono zalla na wata 6, da allurar rigakafi, da gidan sauro. Tare suke tafiya. In yaro ya kai wata 6 ba ya juyowa ga ƙara ko ba ya bin fuska da ido, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Tambayoyi don tattaunawa

A gidanmu, wa yake hira da jariri, kuma sau nawa a rana?
Yaya zumuntar mata za ta taimaki mai ɗan fari?
Me dattawa za su faɗa wa maza a kan wannan?

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu yara amana. Ka ba mu haƙuri da sakin fuska mu yi renonsu da ƙauna. Amin.