DARASIN WATA: MAYAR DA BAKIN CAJI CIKIN ALJIHUN MOTA

Darasinmu na wannan wata na direbobi ne, da yaran mota, da masu gyaran wutar mota. Amma fasinja ma kada ya tsallake shi, domin da shi ake tafiyar. A karanta a hankali. Wanda ya gama ya karanta wa na kusa da shi.

ABIN DA NA GANI A HANYA

Kwanan baya na shiga motar haya daga Ƙanƙara zan je Funtuwa. Kafin mu bar tasha, fasinjoji uku sun miƙa salularsu a sa musu caji. Direba ya jera su a gaban mota, ƙarƙashin gilashi, cikin rana. Igiyoyin caji suka sauko suka sarƙe da sandar giya.

Mun yi nisa sai mota ta faɗa rami. Salula ɗaya ta zamo ta faɗi ƙarƙashin ƙafar direba, dab da birki. Ya sunkuya zai ɗauko ta, mota kuwa na gudu. Kafin ya ɗago mun bar hannunmu, ga babbar mota tafe. Da ƙyar ya kauce.

Wani dattijo a baya ya ce, "Haba yaro! Rayukanmu ka bari ka bi waya?"

Direba ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri. Amanar mutane ce, na ji tsoron kada in taka ta."

Dattijo ya ce, "Mu ma amana ne."

Duk su biyun suna da gaskiya. Laifin na wurin da aka ajiye salular ne. Shi ya sa muka kawo wannan darasi.

ME YA SA CAJI YA ZAMA ABIN KULA?

Wayar salula ta shigo Nijeriya sosai a shekarar 2001. Yau da ita manomi ke jin farashin masara kafin ya ɗauki buhu zuwa kasuwar Sheme. Da ita ake aika kuɗi. Da ita matafiyi ke tambayar lafiyar hanya kafin ya tashi.

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun san darajarta fiye da kowa. A watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an rufe layukan salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan uku. A lokacin ne kuma aka hana sana'ar cajin waya a wurare da dama. Sai daga baya aka maido mana da layi. Wanda ya ga wannan zamani ya san yadda zama ba labari yake.

To, ƙauyuka da yawa ba su da wutar lantarki. Saboda haka batirin mota ya zama rijiyar da ake ɗiban caji. Sai mu koyi ɗiba ba tare da ɓarna ba.

KALMOMIN DA ZA MU YI AMFANI DA SU

Salula: wayar da ake magana da ita.
Wayar wuta: siririn ƙarfe mai rigar roba da wuta ke bi.
Bakin caji: ɗan ramin da ake soka igiyar caji. Sunansa na asali USB. An fito da shi a 1996.
Aljihun mota: ɗan akwati mai murfi da ke gaban mai zaman gaba, inda ake ajiye takardun mota.
Fis: ɗan abin da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa, don kada wayoyi su ƙone.
Bolt: ma'aunin ƙarfin wuta.
Amfiya: ma'aunin yawan wutar da ke wucewa.

YADDA WUTAR TAKE

Batirin ƙaramar mota yana ba da bolt 12. Manyan motoci da yawa suna aiki da bolt 24. Ita kuwa salula, bolt 5 take sha ta bakin caji na yau da kullum. Ke nan wutar mota ta fi ƙarfinta. A cikin kan caja akwai wata 'yar na'ura da ke rage 12 ta koma 5.

Don haka kada ka taɓa yanke igiyar caji ka haɗa ta da batir kai tsaye. Salular za ta iya ƙonewa. Mai babbar mota kuma ya duba jikin cajar kafin ya saya. Idan ba a rubuta 24 ba, ba tasa ba ce.

AMFANIN MAYAR DA SHI CIKIN ALJIHU

Na ɗaya, salula ba za ta faɗo ƙarƙashin birki ba.

Na biyu, idon direba zai tsaya a kan hanya. Amfani da salula ana tuƙi laifi ne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana cin tarar mai yin haka.

Na uku, rana. A bazara, watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Gaban mota ƙarƙashin gilashi ya fi haka nesa. Batirin salula ba ya son caji idan zafinsa ya wuce digiri 45. Yakan kumbura, ko ya mutu da wuri.

Na huɗu, ƙura. Ƙurar hunturu da ta hanyar burji tana cika bakin cajin da ke fili, har igiya ta daina kamawa.

Na biyar, ɓarawo. A tasha ko a kasuwa, hannu ɗaya ta taga ya isa. Abin da ido bai gani ba, hannu ba ya kai masa.

BAKIN CAJI IRI BIYU NE

Kafin a taɓa komai, a duba wane iri ne a motar.

Iri na farko yana jikin rediyon mota. Shi ne ake soka filashi a ji karatu ko waƙa. Wannan ba a yanke masa waya. Sai a sayi igiyar ƙari, mai kai guda na sokawa da kai guda na karɓa. Tsawon mita ɗaya ya isa. A soka ta a rediyo, a bi da ita ta gefe ko ta bayan roba, a fito da ɗaya kan cikin aljihu. Wasu rediyoyin ma suna da baki a bayansu. Amma a sani, bakin rediyo wutarsa kaɗan ce, sau da yawa rabin amfiya. Cajinsa yana da jinkiri.

Iri na biyu na caji ne kawai. Yana shan wuta daga ramin kunna taba, ko daga wayar da aka jawo masa. Shi ne ke ba da amfiya 2 ko fiye. Shi ne kuma ke buƙatar aikin da za mu bayyana yanzu.

KAYAN AIKI

Sabon bakin caji irin na ɗaurewa, mai goro a bayansa. Wayar wuta mai kauri, ja da baƙa. Gidan fis da fis mai lamba 5. Sifana lamba 10. Sukudireba. Filaya. Testa mai ƙwan fitila. Baƙin salatif. Ɗan guntun tiyo na roba.

A sayi mai kyau. Araha ba ta ado. Caja marar kyau takan yi zafi, takan kuma lalata salula.

YADDA AKE YIN AIKIN

1. Ka faka mota a inuwa, ka ja birkin hannu.

2. Ka nemo wayar da za ta ba ka wuta. Wadda ake so ita ce mai kawo wuta idan an murɗa makulli, ta ɗauke idan an zare shi. Ka gwada da testa. A wasu motoci ramin kunna taba haka yake. A wasu kuwa wutarsa ba ta ɗaukewa dare da rana. Idan ka haɗa da irin wannan, caja za ta riƙa tsotsar batir ko mota na kwance.

3. Ka kashe mota, ka zare makulli. Ka kwance kan batir mai alamar ragewa (–). Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Ka jira kamar minti goma.

4. Ka kwashe kayan cikin aljihu, ka kwance shi. Ka leƙa bayansa. Idan ka ga waya ko mahaɗi mai launin rawaya, kada ka taɓa. Na jakar iska ne, wadda ke fashewa ta tare mutum a lokacin haɗari.

5. Ka zaɓi gefe ko bayan aljihun, inda babu ƙarfe ko waya a baya. Ka auna bakin cajin. Masu da'ira yawanci suna son rami kusan santimita 3. Ka huda, ka sa shi, ka ɗaure goron.

6. Ka haɗa jar waya da wayar da ka gwada. Ka sa gidan fis dab da wurin haɗin, ba can kusa da aljihu ba. Fis mai gadi ne. Mai gadi kuwa a bakin ƙofa yake zama.

7. Ka ɗaure baƙar waya a jikin ƙarfen mota, a kan noti mai tsabta, ba fenti ba tsatsa. A kula: a motocin Jamus irin su Golf da Sharan, wayar jiki launin ƙasa gare ta, ba baƙa ba ce. Kada ka dogara da launi kaɗai.

8. Ka murɗe kowane haɗi da kyau, ka naɗe shi da salatif har ba a ganin ƙarfe. Inda waya ta ratsa ta gefen ƙarfe mai kaifi, ka zura ta cikin tiyo. Girgizar hanya takan sa ƙarfe ya ci rigar waya.

9. Ka bar wa wayar ɗan sako-sako, don murfin aljihu ya buɗe ya rufe bai ja ta ba, bai kuma datse ta ba.

10. Ka mayar da aljihu, ka mayar da kan batir. Ka tayar da mota ka gwada. Bayan minti goma ka taɓa wayoyin. Idan sun yi zafi, ko ka ji ƙaurin roba, ka kashe mota ka sake dubawa.

Idan akwai matakin da ba ka gane ba, ka kai wa mai gyaran wutar mota. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma ka tsaya a kansa, ka tabbata ya sa fis.

MAGANAR FIS

Kowane fis yana da lamba a kansa, yana da launi. Lamba 10 ja ne. Lamba 15 shuɗi ne. Lamba 20 rawaya ne. Lamba 30 kore ne. Idan fis ya tsinke, a sa mai lamba irin tasa. Idan sabon ma ya tsinke, akwai wayar da ke taɓa ƙarfe. A nemo ta.

Wasu sukan ɗaura waya ko takardar kwalin taba a madadin fis. Wannan ganganci ne. Ranar da wayoyi suka haɗu, babu abin da zai tsinke. Sai roba ta narke, wuta ta kama. Motar da ake ci da iyali da ita ta tafi saboda abin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba.

ƊAN LISSAFI

A jikin batir ana rubuta lambobi biyu. Misali, na mota: 12 da 60. Idan ka yi 12 sau 60, za ka sami 720. Wannan shi ne yawan wutar da ke ciki. Ƙaramin batir irin na babur: 12 sau 5, wato 60. Babbar salula takan sha kusan 20 kafin ta cika.

Ke nan batirin mota randa ne, na babur kuwa tulu. Salula uku sun isa su ƙarar da tulun. Randar ma ba a kwashe ta duka, domin mota tana buƙatar batir mai ƙarfi kafin ta tashi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka a yi caji lokacin da inji ke aiki, domin a lokacin ne mota ke mayar wa batir abin da aka ɗiba. Direban da ya kwana yana yi wa 'yan unguwa caji, da safe turi zai nema. Akwai kuwa wuraren da ba a son mota ta ƙi tashi.

GARGAƊI

Aljihu inuwa ne, amma ba sanyi gare shi ba. Kada a bar salula a ciki idan an faka mota a rana an rufe gilasai.
Kada a haɗa salula da ashana, ko laita, ko kwalbar turare a aljihu ɗaya.
Salular da batirinta ya kumbura, kada a sa ta caji ko a ina.
A shimfiɗa ɗan ƙyalle a ciki don kada gilashin salula ya karce.
Direba ya ce wa mai zaman gaba ya riƙa sawa da cirewa. Kafin fasinja ya sauka, a tuna masa ya karɓi abinsa.
A haddace lambobin neman agaji: 112 ta gaggawa, 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Kiransu kyauta ne.

TAMBAYOYI

1. Bolt nawa batirin ƙaramar mota ke bayarwa? Nawa salula ke sha?
2. Wane kan batir ake fara cirewa?
3. A ina ya kamata a sa fis? Me ya sa?
4. Me za ka yi idan ka ga waya mai launin rawaya a bayan aljihu?
5. An rubuta 12 da 45 a jikin wani batir. Nawa ke nan idan an yi sau?
6. Rubuta layi uku a kan abin da za ka ce wa direban da ke riƙe da salula yana tuƙi.

A rubuta amsoshi a littafi, a nuna wa malamin aji. Wanda yake da ɗan'uwa direba ya kai masa wannan shafi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mun sadu a wata mai zuwa.