Shawara ga Mai Nufin Ƙera Na'urar Sanar da Matsayin Jirgin Ruwa

Duk wanda Allah ya hore wa hikimar harhaɗa kayan lantarki, har ya yi azamar ƙera wa jirginsa na'urar nan ta AIS, wadda take shelanta lambar jirgi da matsayinsa da saurinsa ga maƙwabtansa a teku, wajibi ne ya fahimci ƙa'idarta tun kafin ya kama aiki. Ita dai tana karɓar matsayi daga GPS, sa'an nan ta watsa shi a kan zango biyu na VHF, wato megahaz 161.975 da 162.025, inda aka kasa kowane minti gida 2,250, domin kowane jirgi ya yi magana a nasa lokacin ba tare da shiga haƙƙin ɗan'uwansa ba.

Saboda haka na'urar da ta saɓa wannan nizami, ko da da ƙiftawar ido ne, tana iya danne muryar wani jirgin, alhali rayukan bayin Allah sun rataya a kanta. Shi ya sa hukumomi suke sharɗanta lasisi, da lambar jirgi ta MMSI mai alƙaluma 9, da na'urar da aka jarraba aka amince da ita.

Maslaha ita ce mutum ya taƙaita ƙirarsa ga mai saurare kawai, ya haɗa ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da na'urar karɓar rediyo ta RTL-SDR da manhajar OpenCPN, ya kafa eriya mai kimanin santimita 46 a ƙololuwar jirgi, domin gwargwadon bisanta, gwargwadon nisan jinta. Amma mai watsawa kam, sayenta ya fi ƙirarta aminci. Allah ya sa mu dace.