Darasin Kimiyya: Ba da Ajiyar Bayanan Kwamfuta da Yarjejeniyar Kula da Su

Ɗalibai, a buɗe littafi a rubuta kan darasi. Yau za mu ga dalilin da ya sa rubutu ko hoto yake lalacewa a cikin kwamfuta ko da ba wanda ya taɓa shi, sannan mu ga abin da ya wajaba a rubuta tsakanin mai bayanai da gidan da zai adana masa su. Misali ɗaya za mu riƙe har ƙarshe. Mu ɗauka dattawan wani gari tsakanin Karaye da Rogo sun tattaro takardun gonaki, da na rabon gado, da tsofaffin littattafan ajami na gidan liman, an ɗauki hotonsu kaf, ana so jikoki su same su bayan shekara 50.

Abin da ke cikin fayil

Kwamfuta ba ta san harafi ba, ba ta san hoto ba. Alama biyu kawai ta sani, 0 da 1. Ku dubi allo. Idan kun danna 2, abin da take ajiyewa shi ne 00110010. Idan kun danna 3, sai ta ajiye 00110011. Bambancinsu gurbi ɗaya ne tak, na ƙarshe. Da zarar wannan gurbin ya juya, takardar da ta ce an biya buhu 20 za ta wayi gari tana cewa buhu 30, ba kankara, ba tabon tawada. Takarda idan gara ta ci ta, ido yana gani. Fayil kuwa shiru yake lalacewa.

To me ke juya gurbin? Ya danganta da mazubin. Filashi da memorin waya suna tsare ɗan cajin lantarki ne a cikin wasu ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani. Cajin yana zurarewa a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Don haka filashin da aka jefa a durowa, a ɗaki mai rufin kwano, cikin watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, kwanansa raguwa yake yi. Babban faifan cikin kwamfuta da maganaɗisu yake riƙe bayani, kuma juyawa yake yi da gudu, faɗuwa ɗaya ko wuta mai ƙarfi ta isa ta kashe shi. Faifan CD da ake ɗura wa abu a shago, wani siririn rini ne a jikinsa yake ɗauke da rubutun, rana da laimar damina suna cinye shi.

Akwai kuma mutuwa ta biyu: bayanin yana nan lafiya, amma abin karanta shi ya ɓace. A 1986 gidan BBC ya tattara bayanan garuruwan Birtaniya, yawanci da hannun 'yan makaranta irinku, aka zuba su a wani faifai na zamanin. Kafin 2002 na'urar da ke buɗe shi ta kusa ƙarewa a duniya, sai da masana suka yi da gaske suka ceto aikin. Littafin ƙidayar ƙasa na 1086 da aka yi aikin don tunawa da shi, wanda aka rubuta a kan fata, har gobe ana karanta shi. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, masu buga Hausa kan yi amfani da wasu haruffa na musamman don samun ƙ da ɗ da ɓ. Buɗe irin wannan fayil a kwamfutar da ba ta da haruffan, sai ka ga baka-biyu da wasu alamomi sun zauna a gurbinsu. Shi ya sa gidajen adana tarihi suke neman a kawo musu rubutu cikin Unicode, takardu a sigar PDF/A wadda aka tsara a 2005 don doguwar ajiya, hotuna kuma a sigar TIFF wadda ba a matse ta ba. Hoton da aka tura ta WhatsApp an riga an rage masa inganci, bai dace da ajiya ba.

Yadda ake miƙa ajiya

Akwai ƙa'idar duniya a kan wannan, sunanta OAIS, lambarta ISO 14721. Hukumomin binciken sararin samaniya ne suka fara tsara ta, saboda sun ga bayanan da suka kashe dukiya wajen tattarawa suna neman salwanta. A taƙaice, ba a miƙa fayil tsirara. Abu biyu ke raka shi.

Na farko bayanin rakiya: takardar mece ce, ta wane gida, daga wane gari, wa ya ɗauki hoton, yaushe. Hoton takardar gona mai suna IMG0045, ba sunan mai ita, ba unguwa, bayan shekara 20 ba alƙalin da zai amfana da shi.

Na biyu lambar shaida. A ɗauki biro. Rajista tana da 20, da 45, da 17. Ku tara. Kun sami 82, sai ku rubuta 82 a wata takarda dabam ku ɓoye. Baɗi idan kuka sake tarawa kuka sami 92, kun san an sami canji ko da ba ku tuna asalin lambobin ba. Wani zai ce, Malam, idan ɗaya ta ƙaru da 10 wata ta ragu da 10 fa? Tambaya mai kyau, kuma ita ce raunin tarawa. Saboda haka ake amfani da lissafi mai zurfi irin SHA-256, wanda ke tauna fayil ɗin gaba ɗaya ya fitar da jerin alamomi 64. Gurbi ɗaya ya juya, jerin duka sai ya birkice. Mai bayarwa ya lissafa kafin ya miƙa, mai karɓa ya lissafa bayan ya karɓa. Idan sun dace, sai a ba da rasit.

Daga nan sai kwafi: uku, a mazubi iri biyu, ɗaya a wani gari mai nisa. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san amfanin kada komai ya taru a wuri guda. Lambar shaida tana gaya maka wane kwafi ne ya lalace, sauran biyun kuma da su za ka gyara shi. Manomin Rogo ba ya zuba dawa a rumbu ya tafi shekara biyar. Yana leƙawa, yana duba ƙwari, yana sake jinka kafin ruwa ya sauka. Ajiyar fayil ma aiki ne da ba ya yankewa, kuma duk aikin da ba ya yankewa sai an san wanda ya rataya a wuyansa.

Yarjejeniya

A nan nake so ku fi mai da hankali, don a ganina nan ne muka fi sakaci. Mun saba a ce "amana ce, ba komai." Amma wanda ya karɓi amanar zai yi ritaya, ko a canza masa wurin aiki, ko ya rasu, kuma wanda ya gaje kujerarsa takarda kawai zai tarar. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Rubutawa ba rashin yarda ba ne.

Ga misali na zahiri. Tun 2004 Babban Laburaren Birtaniya yake gudanar da shirin ceto takardun da ke cikin haɗari, kuma an yi aikinsa a Kano da Kaduna. Sharuɗɗansa a rubuce suke: takardun asali ba sa barin ƙasarsu, kwafi ɗaya yana zama a wata cibiya ta cikin gida, ɗaya kuma yana zuwa Landan. Amfanin sharaɗin kwafin gida ya fito fili a Oktoban 2023, lokacin da masu kutse suka durƙusar da kwamfutocin laburaren na tsawon watanni. Babba ma yana faɗuwa.

Dattawanmu, ko da wa za su ƙulla, Gidan Arewa ne a Kaduna, ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano, ko wata jami'a, dole takardar ta fayyace cewa mallaka tana nan a hannun masu ita, ajiya kawai aka bayar. Ta faɗi kwafi nawa za a riƙe da inda suke, da sau nawa a shekara za a sake lissafa lambar shaida a aiko da rahoto. Ta ɗora wa gidan ajiya nauyin sauya mazubi da siga kafin su tsufa, ta kuma ambaci mai biyan kuɗin wuta da na'ura, don ajiya tana cin kuɗi kowace shekara. Ta bambanta abin da kowa zai iya gani da abin da sai da izini. Littafin fiƙihu na kowa ne, amma takardar gado tana ɗauke da sunayen mata da marayu da dukiyarsu, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe irin wannan alhakin tsare shi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kuma yana neman a nuna wa kotu yadda kwamfuta ta samar da takarda kafin a karɓe ta, don haka rasit da rahoton dubawa su ma abin adanawa ne.

Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne na magaji. Ku dubi nan gida. An kafa masarautar Karaye a 2019, aka rushe ta a Mayun 2024, sannan a Yulin 2024 aka sake kafa ta a mataki na biyu, ta ƙunshi Karaye da Rogo. Hukumomi suna sauya fasali, takardu kuwa suna bukatar mai riƙo a kowace rana. Yarjejeniya ta gari tana faɗin wanda ajiya za ta koma hannunsa idan gidan ya rufe, da wa'adin sanarwa, da cewa za a mayar da fayil tare da bayanin rakiyarsa cif.

Kada kuma ku ɗauka ma'ajiyar intanet ta kyauta ta ɗauke muku wannan nauyi. Kwamfutar wani ce a wata ƙasa, kuma da kuka danna "na yarda" sharuɗɗansa kuka karɓa. Google ya sanar cewa daga Disamban 2023 yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya na'urori.

Aikin gida: kowa ya nemi izinin mahaifinsa ko kakarsa ya ɗauki hoton takarda ɗaya mai daraja a gidansu, ya rubuta mata bayanin rakiya cikin layi biyar. Sannan ku zauna uku-uku, ɗaya mai bayarwa, ɗaya mai karɓa, ɗaya shaida, ku rubuta yarjejeniya ta shafi guda wadda ta ƙunshi sharaɗin dubawa da na magaji. A kawo ranar Litinin.